Baba Absalom da Katakon da Ya Cire

Kullum da safe Baba Absalom yana shimfiɗa buhu a gaban rumfarsa a unguwar Damilu ta Jimeta, ya jera fiyus da wayoyi da ɗan ƙwan gwajin wuta, sannan ya sha kunu. Mai gyaran wutar tarakta ne. Daga Michika ya gudo a shekarar da 'yan bindiga suka ci garin. Madam Keturah, maƙwabciyarsa, ta ce da idonta ta ga ya tayar da wata matacciyar tarakta a daji, ta jawo su a tirela, mata da tsofaffi, har bakin titi. Shi bai taɓa ba ni wannan labarin ba.

Ɗana Abdurra'uf yana tuƙa taraktar wani Alhaji. Gidan direba a irin wannan tarakta kan jakar iska yake zaune, da wata 'yar na'ura, sensa, mai sa a ƙara iska ko a rage. Da sensa ta mutu, gidan ya zauna daɓas, wani bakanike ya cusa katako a ƙasa ya ce an gama. Damina guda yaron nan yana shan jijjigar kunyoyin gona a ƙashin bayansa. Mai shekara ashirin da shida ya koma salla a zaune. Likita ya ce in ya ci gaba haka, wata rana ba zai tashi ba. Ni kuwa na san in ya sauka, kafin azahar wani ya hau kujerar.

Na kai shi wurin Baba Absalom. Baba bai taɓa ko wayar wuta ɗaya ba sai da ya hau kusa da shi suka shiga gona. Ya sauko yana riƙe da ƙugu.

"Malam Ya'u, wannan ba tarakta ba ne, turmi ne. Ɗanka kuma shi ne geron."

Ya fizge katakon ya jefar. Aka nemi sensa a Jimeta, babu. Ruwa ya sauka, Alhaji yana ta waya, ni ina ta sintiri tsakanin unguwarmu Ajiya da Damilu, na kasa cin abinci. Ran kwana na shida na ɗaga masa murya.

"Baba, mayar da katakon nan, za a kori yaro!"

"A kore shi yana tafiya da ƙafansa. Zauna, hawan jini zai kashe ka kafin Alhaji."

Kwana tara ya yi yana bin 'yan gwangwan har ya samo sensar wata tsohuwar tirela, ya sauya mata soket, ya gwada ya kwance, ya sake gwadawa. Da ya murɗa makulli muka ji iska na shiga, gidan ya ɗaga a hankali. Alhaji bai kori kowa ba. Direban da ya so ya ɗauka ma ya ce ba zai hau ba in za a mayar da katako.

Kai ne, Baba, ka fi ni tausayin ɗana a waɗancan kwanaki. Yanzu ka ce idonka ya gaza, bana za ka naɗe buhu, hankalina ya sake tashi. Masu gyara, ku je ku zauna wurinsa tun yana nan, ku riƙa tambayar lafiyar direba kafin ta inji.

Ƙashin bayan Abdurra'uf bai gama warkewa ba, amma jiya ya ɗauki 'yarsa a wuya har kasuwa. Na gode, Baba Absalom. Ka yafe mini tsawar da na yi maka.