Ɗaki Biyu da Fentin Yaya

Yayana mai fenti ne, shekara ashirin da bakwai yana bisa tsani. Ba ya iya zama ya ga tabo a bango ya ƙyale. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, sai ka ga farcensa yana ɓanɓara. Wannan halin nasa ne ya ja mana.

An sayar da gidan da yake haya, aka ba shi zuwa ƙarshen wata ya tashi. Ga mata mai ciwon gwiwa, ga 'yan mata uku. Kullum na taso daga kasuwa sai mu bi dillali lungu-lungu. Mai arha yana hawa na huɗu, matarsa ba za ta iya ba; na ƙasa kuwa in aka faɗi kuɗinsa sai ka riƙe baki. Da ya rage kwana tara, Yaya ya daina cin abinci.

Sai ga wani ɗaki biyu da falo a ƙasa, bayan tashar mota. Kai, ƙazanta! Bango baƙi ƙirin da hayaƙi, tsohon fenti yana zuba kamar ɓawon albasa. Wata bakwai ba wanda ya kalle shi, shi ya sa mai gidan ya faɗi abin da za mu iya. Sai dai tafiya ta kama shi, ya ce ran Asabar a zo a rubuta takarda. Yaya ya roƙi makulli, wai zai ɗan share.

Na ce, "Yaya, don Allah kar ka taɓa bangon nan sai an sa hannu."

Ya ce, "Ke Auta, kin cika tsoro. Dattijo ne fa, har musafaha muka yi."

Ina! Ya kwaso ragowar fentin da ya tara daga ayyuka, ya kankare, ya cike tsaga, ya shafa har sau biyu. Ya kuma bar tagogi a buɗe don ya sha iska. Ran Alhamis na tarar da mutum biyu suna leƙe, dillali a bayansu.

Asabar mai gida ya shigo, ya tsaya cak. "Ikon Allah! Gidana ne wannan?"

Yaya sai murmushi yake. Dillali ya ja mai gida gefe, suka yi ƙus-ƙus. Da suka dawo, dattijon bai iya haɗa ido da mu ba.

"Malam, ka yi haƙuri. Wani ya ƙara kuɗi, kuma ai ba mu rubuta komai ba."

Wallahi na zazzage musu duk abin da ke bakina, har maƙwabta suka fito. Yaya kuwa ya miƙa wa dattijon makullinsa kawai, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

Ɗakina guda muka kwashe su, mu shida. Ran Talata na raka shi ɗauko tsaninsa, muka sami sabon ɗan haya yana shigar da kujeru.

"Kai ne mai fentin? Aiki ya yi kyau. Sai dai matata ba ta son fari. Za ka mayar mana da shi shuɗi?"

Na buɗe baki, Yaya ya riƙe min hannu. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Yaushe kake so a fara?"