Burtalin Maigatari

Gumel, ƙarfe biyar da rabi

Na fita da asuba ko karyawa ban yi ba. Na samu gurbin karatu a waje kan na'urar da ke tura ƙwayoyin zarra da gudu, amma Baffa ya ce a waya: "Ba na sa albarka ga abin da ban gane ba. Zo ka faɗa mini." Ranar Juma'a zan ba makarantar amsa, ga shi yau Laraba, shi kuma yana yawo da shanu.

Gagarawa, ƙarfe bakwai

An ɗura mu a mota kamar buhunan gero. A ruga, inna Hajjo ta miƙo mini fura.

"Ai shekaranjiya ya tashi, malam boko. Bi arewa."

Wayyo ƙafata!

Sule Tankarkar, bayan azahar

Ɗan acaɓa ya kayar da ni sau biyu cikin yashi. A shinge ɗan sanda ya tambayi sana'ata, na fara bayani, ya ce, "Wuce, don Allah." Nan ma Baffa ya yi gaba. Na kwana a zauren wani mahauci, na gaji tilis.

Hanyar Maigatari, Alhamis da hantsi

Na cim masa da shanunsa a bakin burtali, gero dama da hagu. Na soma bayanin na'urar: akwatin ƙarfe ne, igiyar rediyo na kaɗawa a ciki...

"Riƙe wancan gefen," in ji shi.

Na yi ta ihu ba tsayawa, shanu suka nufi gonar mutane.

"Kai, Buba! Ba a matsa su lokaci ɗaya. In na matsa, ka saki. In ka matsa, na saki. Kuma sai sun iso daidai kai za ka ɗaga sanda."

Na tsaya sororo. "Baffa, wallahi aikin ke nan! Igiyar ce ke matsa ƙwayoyin bi da bi, a kan lokaci, don kada su watse su bugi bango."

Ya yi dariya. "To je ka koya can, tunda nan ka kasa. Allah ya yi albarka."

"Amin. Amma me ya kawo ku Maigatari ranar kasuwa?"

"Burtali mutum biyu yake so, kai kuma tafiya za ka yi. Rabinsu zan sayar, in bar abin da zan iya ni kaɗai."

Ashe tun kafin in baro gida ya yanke shawarar barina in tafi.

Gumel, la'asar

Na iso lafiya, alhamdu lillahi, na gode wa duk wanda ya nuna mini hanya. Na aika wa makarantar amsa cewa na amince. Daɗin da na zata zan ji kuwa, ban ji shi ba.