Ƙara Biyu a Hanyar Wukari

Sai da na haura shekara arba'in na koyi tuƙi. Wata uku da karɓar lasisina, wata Asabar da hantsi, na biya unguwar Mayo Gwoi na ɗauki abokiyar aikina za mu barkar haihuwa a wani ƙauye kan hanyar Wukari. 'Yar Mumuye ce, teburinta na kusa da nawa a ofis. Ina ce mata Anti, tana ce mini Hajiya.

Mun bar gari da kaɗan sai shanu suka faɗo titi. Wata a-kori-kura mai ɗauke da doya ta ja birki, tasin da ke bayanta ta tsaya, ni ma na taka nawa har ƙasa na tsaya, saura ƙiris. Ban gama sauke numfashi ba na ji an doke mu ta baya. Wata farar bas ce ta taho a guje ta tunkuɗa mu, muka daki tasi, tasi ta daki a-kori-kura. Doya ta watse a kwalta.

Ni da Anti ba mu ji komai ba sai ciwon wuya. Amma a kujerar baya ta tasi akwai wata tela daga Yelwa, uwar yara huɗu, hannunta na dama ya karye wuri biyu. Ina jin kukanta har aka sa ta a mota sai asibiti.

Ran Litinin muka hallara a ofishin 'yan sanda. Jami'in da ke riƙe da maganar ya zana motoci huɗu a takarda, ya ce abu ɗaya yake son sani: wa ya fara dukan wa?

Direban bas ya yi caraf ya ce, "Yallaɓai, kafin in iso ta riga ta shige bayan tasi. Ba ka ga sabon lasisi ba? Koyo take yi."

Mai tasi, wani dattijo, ya ce shi dai da ya waiwaya motata ya gani manne da tasa. Anti ta miƙe tana rantsuwa cewa mun tsaya cak, aka ce ai ƙawata ce, me za ta faɗa in ba haka ba. Jami'in ya bayyana mini a fili: in har ni na fara duka, jinyar telar da diyyarta a wuyana suke.

Da na koma gida maigidana ya ce mu haƙura mu biya, tun da rai bai salwanta ba. Na ce masa taimakon matar ba zai gagare ni ba, amma ba zan amsa laifin da ban yi ba. Kwana uku ina zuwa aiki a keke napep, abinci ma ba ya shiga.

Ran Alhamis ina zaune gaban tarin fayil, sai ga Anti ta faɗo ofis, ɗankwali a hannu, tana haki.

"Hajiya! Tashi! Motan ya tsaya, wallahi ya tsaya, ga shi a waya!"

Ashe lokacin da muke tafiya tana naɗa wa 'yarta da ke karatu a Yola saƙon murya. Ɗabi'arta ce ta danna ta ajiye wayar a cinya ta yi ta zuba. Bayan hatsarin, da ta tsinci wayar a ƙarƙashin kujera, cikin ruɗewa ta tura saƙon ba ta sani ba. Yarinyar kuwa da ta ga minti tara, sai ta ce surutun Mama ne na kullum, ta bar shi. Sai ranar ta saurara tana wanki, ta kira uwarta tana ihu.

Muka haɗa kai muka kunna. Ga ƙugin birkina. Ga muryata ina cewa, "Alhamdulillahi!" Ga Anti tana dariya, "Kai, Hajiya, kin iya birki fa!" Sai ta ja numfashi za ta ci gaba, sai gwaram! Sannan wata ƙarar ta biyo baya.

Na yi tsalle na rungume ta har kujera ta kife. 'Yan ofis suka taru, aka sake kunnawa, aka kuma. Oganmu ya leƙo zai yi faɗa, da ya ji sai ya ce, "Me kuke jira? Ku tafi mana!"

Washegari jami'in ya sake tara mu, har da mai bas ɗin kansa da wakilin kamfanin inshorarsa. Anti ta so ta tsallake zuwa wurin birkin, jami'in ya ce a'a, daga farko za a ji. Haka kowa ya zauna yana sauraron yadda ake dafa miyar karkashi da busasshen kifi. Can sai muryar Anti ta sauka ƙasa-ƙasa, ta juya harshensu. Jami'in ya tsayar, ya ce ta fassara.

Ta sunkuyar da kai. "Na ce, wannan Hajiya tana tuƙi kamar hawainiya, kafin mu isa jaririn ya fara tafiya."

Ofishin ya ɓarke da dariya, har da ni. Jami'in yana share hawaye ya ce ai wannan ma shaida ce, ba gudu nake yi ba. Da aka zo kan ƙarar nan biyu kuwa sai kowa ya kasa kunne. Mai tasi ya nemi a maimaita, ya rufe ido ya saurara.

"Gaskiya ne," in ji shi. "Na ji ta farko a baya kafin motata ta motsa. Hajiya, ki yafe ni, ruɗewa ce."

Direban bas bai ƙara musu ba. Ya ce birkinsa ya daɗe yana ba shi wahala, kuma ya faɗa wa maigidansa. Mai bas ya kalli ƙasa.

Ba a gama a ranar ba. An yi wata biyu ana kai takardun likita ana dawowa, ni da mijin telar muna sintiri tare. A ƙarshe inshora ta ɗauki jinya da gyaran motoci, mai bas kuma ya sa hannu gaban shaidu ya biya telar diyyar watannin da ta yi ba ta ɗinki.

Ranar da aka cire mata filasta na je Yelwa duba ta. Na tarar da ita gaban keken ɗinki, ta shimfiɗa atamfa, almakashi a hannun da ya karye. Ta yanka kamar taƙi ɗaya ta ajiye ta huta, ta sake ɗauka. Da ta kai ƙarshen yadin ta ɗaga shi sama tana guɗa, maƙwabta suka shigo a guje suna tambayar ko lafiya.