Damunar da Bununi Ya Kori Yaya

Komai zan manta a duniya, ban da damunar da bununi ya raba yayana da gona. Lokacin Faransawa ba su tafi ba, ni kuma na dawo Gaya hutu daga lakwal, makarantar boko, a Yamai.

Ciwonsa ba ya saɓa lokaci. Da gero ya fid da kai ya yi bununi, wannan garin da iska ke kaɗowa daga zangarniya, sai atishawa ta kama shi, idanu su kumbura su yi jajir, ƙirji ya riƙa kuka kamar tsohon ƙyaure. Da an yi girbi kuma, garau. Shi ya sa 'yan unguwa suka raɗa wa abin suna murar rago.

Ba abin da Inna ba ta yi ba. Sirace da ganyen bedi, wato dogon yaro, citta da kanumfari a ruwan zafi, zuma daga Zabori, shaƙa ruwan gishiri safe da yamma. Suna sassauta masa, ba zan yi ƙarya ba, amma da ya leƙa gona komai ya rushe. Na gaji da kallo, na ce wa Baba, "Ku tura shi Tunuga wajen Gwaggo, bakin kogi, har bununin ya wuce mana."

"Ke da lakwal ɗinki," in ji Baba. "Ina kika taɓa jin gero ya kashe manomi?"

Wata safiya abokansa suka biyo ta ƙofar gida za su gayya. Ɗaya ya ɗaga murya, "Angon tabarma, a gai da zuma!" Yaya na lulluɓe cikin zane yana sirace. Ya yaye zanen, gumi sharkaf, ya saɓa hauya. Na tare zaure, ya ture ni gefe bai ko dube ni ba.

Kafin azahar a kan jaki aka kawo shi, leɓɓansa sun yi baƙi, yana fizgar numfashi da ƙyar. Inna tana fifita tana salati.

Ya rayu, amma bai ƙara taka gona ba. Aka ba ƙanen Baba gonar da Yaya ke nomawa. Yaya ya bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Dahome, ya zama karen mota, mutumin da ke gane ƙasa mai albarka daga ƙamshinta. Ko ya zo gida, ba ya wuce kwana guda.

Ganye yana sassauta ciwo, na gani da idona, amma ba ganyen da ke maganin bakin mutane. In mutum ya ce numfashinsa na sarƙewa, a yarda da shi tun yana tsaye da ƙafafunsa.