Abu Shuwayya da Mota Mai Kujera Ɗaya

Duk wanda ya saba tsayawa inda motocin ziyara ke sauke alhazai a gindin Uhudu ya san Abdulrauf, ko da bai san sunansa na yanka ba. Direbobi Abu Shuwayya suke ce masa, wato uban sannu-sannu, kuma ba yabo ba ne. Shekara talatin da huɗu yana jan bas ɗin ziyara. Ya kwashi mutane a otal-otal ɗin kusa da Harami da sassafe, ya kai su masallacin Kuba, ya kai su na Ƙiblataini, ya kawo su Uhudu su yi wa shahidai addu'a, su sayi dabino da carbi, ya mayar da su. Da hantsi ya sake wani zagayen, gobe ma haka. Gajiya ta daɗe da samun wurin zama a ƙugunsa, har ya daina ba kowa labarinta.

Kakansa ne ya taho daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya iso ya ce shi kam ya zo ke nan. Mahaifinsa, Malam Usmanu, a Madina aka haife shi, kuma shi ma direban alhazai ne. Abdulrauf a unguwar Bani Harisa ya tashi, Hausa a cikin gida, Larabci a bakin titi. Kuma kada wani ya ɗauka da sanyin ƙafar nan aka haife shi. Yana saurayi, ran Alhamis da la'asar, shi da abokansa sukan fita hanyar Badr da tsohuwar motar wani, su taka ta har sitiyari ya riƙa rawa a hannu. Har yau akwai tsofaffi a unguwar da za su rantse maka ba a taɓa wuce shi ba.

A watansa na biyu a kan bas abin ya faru. Sun doso Uhudu, wata tsohuwa 'yar Damagaram mai suna Tasallah ta hango dutsen, zumuɗi ya sa ta miƙe tsaye. Shi kuwa ya shigo kwana da gudun da ya saba, sai ga wata mota a gabansa, ya danna birki. Tsohuwa ta kifa tsakanin kujeru, hannunta ya karye. Ana ɗaga ta, ba ta zage shi ba, cewa ta yi, "Ɗan nan, kowa na roƙon ya mutu a Madina, amma ni ban roƙa a motarka ba."

Mutane suka yi dariya. Malam Usmanu da labari ya kai masa, bai yi ba. Washegari ya raka ɗansa har cikin bas, ya cika ƙaramin kofin gilashi da shayi, ya ajiye a gaban sitiyari. Ya ce, "Waɗannan baƙin Manzon Allah ne. Wasu gonarsu suka sayar suka zo. Ranar da shayin nan ya zube, ka kawo mini makulli."

Shayi bai taɓa zubewa ba. Malam Usmanu ya rasu, kofin ya fashe an sake wani sau nawa, amma tsarin bai sauya ba. Abdulrauf ya shiga, ya ajiye kofi, ya karanta addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi, ya jira fasinjoji su ce amin. Sannan ya ɗaga ido ya dubi madubin ciki, ya tabbata kowa ya zauna, kana ya motsa. Kafin kowace kwana ma haka, ido ya hau madubi, ƙafa ta ɗaga daga totur. Direbobin baya su yi ta hon, yara sa'o'in 'ya'yansa su wuce shi suna yarfa hannu. Masu kamfani kuwa in an kawo tawagar tsofaffi, shi ake nema. Ba ya alfahari da wannan, ba ya kuma ƙorafi. Wani lokaci dai, in yana tsaye a danja, yakan dubi ƙafarsa ta dama kamar ta aro ce.

Yana da shekara hamsin da tara 'yarsa Hibatullah, wadda ke aiki a kantin magani, ta lura duk lokacin da aka nuna tseren motocin Fomula a talabijin, babanta ba ya ko taɓa abinci. Wata rana ta miƙa masa wayarta. Wani kamfani ne a Turai da ke sayen irin motocin nan bayan sun gama zamaninsu. Kowa ma, in ya biya kuma likita ya yarda, za a koya masa da safe, da rana a sa shi a ciki ya yi zagaye uku. Ita don nishaɗi ta nuna masa. Shi kuwa ya daɗe yana kallon hoton, ya ce da Hausa, "Kujera ɗaya ce?"

Ta amsa da Larabci, kamar yadda ta saba, "Ɗaya ce, Baba."

"Ba kowa a baya?"

"Inji ne a baya."

To, nan maganar take. Ba ƙarar motar ce ta kama shi ba, ba kuma kyanta ba. So yake sau ɗaya, kafin ya ajiye makulli baɗi, ya taka totur har ƙasa ba tare da ran kowa a wuyansa ba, ya ga ko saurayin hanyar Badr yana nan ko ya mutu bai sani ba.

Kuɗin ba na direban bas ba ne. Abin da yake da shi bishiyoyin dabino goma sha biyu ne a Badr, rabonsa na gado, waɗanda wani ɗan'uwansa ke kula da su, duk kaka a aiko musu da kwali-kwali. Matarsa Asma tana tsince shinkafa ya gaya mata. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Abu Hiba, dabinon Malam za ka sayar don ka zagaya fili sau uku?"

Ya ce, "Shekara talatin da huɗu nake zagayawa, Ummu Hiba. Wannan dai nawa ne."

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Shi ke nan. Allah ya sa ka samo abin da ka ajiye a can." Ranta ya ɓaci, kuma ba ta ɓoye ba, kwana huɗu tana ajiye masa abinci ta tashi. Amma ita ta goge masa kayan tafiya.

Aka sayar da bishiyoyin, Hibatullah ce ta raka shi Turai. Filin yana bayan gari, ga sanyi, ga iska. Su takwas ne a ranar, sauran duk attajirai, shi kaɗai ne tuƙi ya zama masa abinci. Malamin tuƙin wani ɗan Maroko ne mai furfura, don haka da Larabci ya yi masa bayani. Ya ce, "Ya hajji, ka manta duk abin da ka sani. Wannan motar ba ta son tausayi. In ka tafi a hankali tayoyin su huce, su daina kama ƙasa. Birkin ma sai ya yi zafi yake ci. Ka shiga da ƙarfi, ka danna da ƙarfi. A nan sannu-sannu ita ce haɗari."

Abdulrauf ya gyaɗa kai. A ransa ya ce, yau ga inda ake neman irina na dā.

Da safe aka gwada su a ƙananan motoci, ya tsallake da ƙyar. Bayan azahar aka zo kan babbar. Ba shiga ya yi ba, zura shi aka yi, ya kwanta kusan rigingine, ƙafafu sun fi ƙugu tudu. Aka ɗaure shi tamau har numfashi na yi masa wuya, aka kifa masa hular kwano. Wasu mutum biyu suka tayar da injin daga baya, ƙarar ta shiga masa har haƙora. Mai tuta ya ba shi hannu ya tafi.

Bai tafi ba. Ya karanta addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi a cikin hular, ya tsaya yana jira. Shi kansa bai san jiran me yake yi ba, sai da muryar malamin ta faɗo masa a kunne, "Yalla, ya hajji, injin zai yi zafi." Sannan ya gane amin yake jira. Ya saki kulocin a hankali, yadda yake yi kullum, mota ta mutu. Aka sake tayarwa. A karo na biyu ya fita.

Zagayen farko ya tafi wajen sanin hanya. A na biyu malamin ya yi ta magana, "Ƙara. Ƙara. Tayoyinka na hucewa." Yana ji, yana so, wallahi yana so. Amma duk kwanar da ya hango, tun tana nesa ƙafar ta sassauta, ya shiga da ita lallaɓa-lallaɓa kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Motar ta riƙa santsi a ƙarƙashinsa, tana ƙin hanya.

A zagaye na uku ya fito miƙaƙƙen layin, wanda ya fi kowanne tsawo, ba kowa gaba ba kowa baya. Malamin ya ce, "Wannan ne na ƙarshe. Taka." Abdulrauf ya cije ya taka. Mota ta zabura, kansa ya bugi baya, duniya ta tsuke ta zama siririn zare. Wani abu da ya daɗe a kwance ya motsa a ƙirjinsa, har ya ji bakinsa ya buɗe. Saura kaɗan totur ya taɓa ƙasa, sai idonsa ya yi sama, wajen dama, inda madubin ciki yake zama. Babu madubi a wurin, sararin sama ne kawai. Kafin ya dawo da idon, ƙafar ta riga ta ɗaga. Kwanar kuwa tana can nesa, ko alamarta bai kai ba.

Aka zaro shi, ya cire hular. Malamin ya duba na'urarsa, ya sosa gemu, ya ce, "Ban taɓa ganin wanda ya juya sitiyari da laushi irin naka ba. Amma me ya sa ka saki a tsakiyar layi? Tsoro?"

Abdulrauf ya ce, "A'a."

Sun dawo Madina ran Talata. Asma ta zuba masa shayi, ta zauna tana kallonsa. Hibatullah ta so ta kunna bidiyon da aka ba su, ya ce ta bari.

Asma ta ce, "To? Ka taka?"

"Na kusa."

"Me ya hana? Ba ka ce ba kowa a baya ba?"

Ya daɗe yana juya kofin a hannu. Ya ce, "Haka na zata. Duk suna nan, Ummu Hiba. Har tsohuwar nan ta Damagaram, a tsaye take."

Asma ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake tana da hakkin faɗa. Ta tura masa farantin dabino. Ya ɗauki ɗaya ya kai baki, ya ji ba irin nasu ba ne, ya dube ta.

Ta ce, "A rumfunan Uhudu na saya. Na gida ya ƙare."

Ya tauna a hankali, ya haɗiye. Washegari da sassafe ya ja bas zuwa ƙofar otal, inda tsofaffi arba'in da tara ke jiransa da jakunkunan takalma a wuya. Ya bari suka hau ɗaya bayan ɗaya, ya cika kofi ya ajiye a gaban sitiyari, ya karanta addu'a. Suka ce amin gaba ɗaya. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya ga wata tsohuwa a can baya ba ta gama zama ba, ya jira ta.