San Baffa Nomau

Duk wanda ya taɓa zama akushi ɗaya da Baffa Nomau, ƙanen mahaifina, ya san ba ya kai nama baki sai ya shinshina, ya juya shi, sannan ya kafe mai gida da ido: "Mi tac ci?" Wai saniyar yake nufi! A wurinsa nama ba komai ba ne illa abin da dabba ta ci. Mutanen Tambuwal suka mai da shi abin dariya, shi kuwa ya rantse sai ya turke san da zai rufe bakin kowa.

Mun je buki Jabo, ya tauna tsoka ɗaya ya ture akushi. "Wagga saniya bakin marina tat tashi, tsumma taka ci."

Uban ango ya ce, "Nomau, ka san ta ne?"

"Ban san ta ba, amma ga shuni nan ina ji ga maƙoshina." Rannan kunya ta hana ni cin tuwon ma.

Da zai sayi maraƙi, har Kebbe ya ja ni a kan jaki. Bai dubi maraƙin ba, sai ya ce a nuna masa makiyaya. Ya durƙusa ya tsinki ciyawa yana taunawa. Bafillacen mai maraƙin ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Baffa, saye ka zo ko kiwo?"

Maraƙi ya samu gata. Harawar wake, dusar gero, ruwan rijiya, in Azbinawa fataken gishiri sun sauka kuma a lasa masa gishirin kantu. Gida kuwa miya lami. Inna Kulu, matarsa, ta gaji ta ce, "Malam, ni ma a ɗaure ni ga turke mana."

"Ke wa za ya ci ki?" Sai da suka yi kwanaki ba gaisuwa.

Sa ya cika har ba ya iya ratsa ƙofar zaure, Baffa kuwa ya koma kamar kara. Kowace Salla Sarkin Fawa zai zo da tsiyarsa: "Nomau, bana dai mu ga hujja?" Baffa ya shafa tozo ya ce, "Bai nuna ba tukun." Ƙarya yake! Ni na sha ganinsa yana cire masa kaska yana ba shi labarin gari. Ko da ciwo ya kwantar da Baffa aka ce a yanka san ya sha romo, cewa ya yi ko kusa, ba a yi wa mai jinya ɓarnar nama irin wannan.

Ranar sadakar bakwai ɗinsa aka yanka. Jama'a, ban taɓa cin nama irinsa ba. Tsofaffin da ba haƙori suka ci har da neman ƙari, kuma ba wanda cikinsa ya murɗa. Sarkin Fawa ya tsotse ɓargo ya ce, "Ashe mahaukacin ga da gaskiyatai." Gardamar da Baffa ya ƙare rayuwarsa a kai ya ci ta, babu shi a wurin balle ya yi mana gori. Wannan ne ya ƙona mini rai.

Inna Kulu ta ɗauki yanka ɗaya, ta tauna a hankali, hawaye na zuba. "Ga dusata duk a nan," in ji ta, "kuma na yafe mai."

Allah ya jiƙan Baffa Nomau, ya yafe masa kamar yadda ta yafe, ya ƙosar da shi a inda ba a jin yunwa. Amin.