Ranar da Hedimasta Ya Juya wa Ɗalibinsa Baya

Ba don na fi kowa hankali aka naɗa ni alƙalin muhawara ba. Karatun lauya nake yi, kuma a wurin mutanenmu duk wanda ya taɓa littafin shari'a ya gama zama alƙali. Lokacin kuɗin mai na ta kwarara a gida, jihohi na ta turo ɗalibai London, har muka yi yawan da muke aron wani ɗaki a ƙasan bene a unguwar Bloomsbury duk ranar Asabar. Mu sha shayi, mu ci ƙosan matar wani likita, mu gyara Nijeriya da fatar baki kafin magariba.

Doka ɗaya na riƙe, wadda na koyo a kwalejinmu. Alƙali ba ya auna abin da ke ransa, abin da aka faɗa a ɗakin yake aunawa. Hujjar da aka kawo ba a amsa ta ba, ta zauna daram, ko da kai alƙali ka san ramammiya ce. Na nanata musu wannan har suka gaji da ni.

Ran nan batun shi ne gwamnati ta zuba kuɗin mai a noma kafin masana'antu. Mai goyon baya wani saurayi ne mai karatun aikin gona, ɗan manoman gyaɗa, baki kamar reza. Abokin karawarsa mura ta kwantar da shi, sai wani dattijo ya ce shi zai hau. Hedimasta ne daga gida da aka turo kwas, yana dab da komawa. Shi ya koya wa saurayin nan karatu a firamare, kuma tun da ya sauka London ba shi da zance sai nasa. Ko a tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ka haɗu da shi sai ya ce, "Ku dai bari ku ji ɗalibina." Shi kansa bai taɓa jin sa a muhawara ba, abin da yake so ke nan kafin ya tafi.

Saurayin ya buɗe da kyau. Malam ya miƙe ya kawo hujja guda tak. Ya ce samari sun guje wa gona da ƙafarsu, ba wanda ya kore su. "Kai kanka ɗan manomi ne, ga ka nan da kwat. Idan an sayo garmar, wa zai riƙe ta?"

Duk mun san saurayin yana da amsa, don mun sha jin ya yi kaca-kaca da wannan magana a bakin wasu. Amma da ya tashi sai ya sunkuyar da kai, ya kama zancen takin zamani, ya yi ta kewaye-kewaye. A ƙarshe ya ce, "Sauran kuma Malam ya fi ni sani," ya zauna.

Raina bai so ba, amma doka doka ce. Na ce hujjar Malam ba a amsa ta ba, don haka Malam ya ci. Aka yi tafi. Malam kaɗai ne bai yi murmushi ba.

"Alƙali, ina da appeal, zan ɗaukaka ƙara," in ji shi.

"Malam, ba a yin appeal a nan."

"Yau za a yi. Ba ni na kayar da yaron nan ba, kunya ce ta kayar da shi. In koma gida in ce musu me? Na je har London na ji yadda ɗalibina ya iya shiru?"

Sai ya ɗauki kujerarsa ya kai ta jikin bango, ya zauna ya ba mu baya, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "To, babu Malam a ɗakin nan. Wani tsoho ne ya yi surutu ya fita. Amsa masa."

Duk ido ya dawo kaina. Na duba dokokina ban ga inda aka hana ba, don ban duba sosai ba. Na ce a ba saurayin lokaci.

Da farko ƙasa-ƙasa yake magana. Da ya ga ƙeya ce kawai a gabansa, sai baki ya buɗe. Ya faɗi yadda ake yanka wa manomi farashin gyaɗarsa daga birni, da yadda babansa ke kai buhu kasuwa a kan jaki don babu hanyar mota. Ya ce ba gona samari suka gudar wa ba, wahalar banza suka gudar wa. Sannan ya dubi ƙeyar Malam.

"Kuma tsohon nan da ya fita ya manta wani abu. Shi da bakinsa yake ce mana a aji, ku yi karatu kada ku ƙare a gona kamar iyayenku. Mun ji maganarsa ne."

Ni dai gabana ya faɗi, na ce yau an yi ɓaranɓarama. Kafaɗun Malam suka fara girgiza, ba mu san ko kuka ne ko dariya ba. Da ya juyo sai muka ga duka biyun ne. Ban taɓa ƙaunar wani dattijo kamar yadda na ƙaunace shi a lokacin ba.

"Na faɗa," ya ce. "Wallahi na faɗa." Ya goge ido da bakin rigarsa, ya dube ni. "Alƙali, maimaita mini dokar nan taka."

"Hujjar da ba a amsa ba ta zauna, Malam."

"Madalla."

Ya mayar da hularsa, ya naɗe hannuwa a ƙirji yana kallon ɗalibinsa. Na ba Malam lokacinsa na mayar da martani cif, ina duban agogo kamar yadda aka saba. Bai ce uffan ba har lokacin ya ƙare.